Garuruwan da Toka ta Adana: Abin da Maziyarci ke Gani a Kufan Fomfei da Harkulaniyam

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan kufan garuruwan Fomfei da Harkulaniyam da ke kudancin Italiya, waɗanda dutsen Besubiyas ya binne a shekarar 79 Miladiyya. An faro da yanayin garuruwan kafin aukuwar bala'in, sannan aka bi matakan aman wutar domin nuna dalilin da ya sa abin da aka tarar a gari ɗaya ya sha bamban da na ɗayan. Daga nan aka waiwayi tarihin tono su, kana aka bi maziyarci titi-titi ana fayyace abin da idonsa zai ci karo da shi. Maƙalar ta nuna cewa abin da ake gani a yau ya samu ne daga abubuwa uku, wato irin binnewar da aka yi wa kowane gari, da irin tonon da aka yi masa, da kuma irin kulawar da ya samu bayan tonon. An kammala da barazanar da ke fuskantar kufan da kuma al'ummar da ke zaune a gindin dutsen.

Fitilun kalmomi: kufai, Rumawa, aman wuta, tonon kayan tarihi, adanawa

1.0 Gabatarwa

A Hausa, kufai shi ne wurin da mutane suka taɓa zama sannan suka tashi. Masu tashi kuwa ba sa barin abin amfani a baya. Sukan kwashe tukwane, su cire ƙofofi da azara, sauran kuma ruwan sama da gara su ƙarasa shi. Wannan ne ya sa mafi yawan kufan duniya ba su nuna wa mai bincike komai face tushen gini da fasassun kasake. Fomfei da Harkulaniyam sun fita daga wannan tsari, domin cikin kwana biyu aka rufe su, da gurasa a cikin tanda, da kuɗi a cikin akwati, da tallar 'yan takara a jikin bango.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma miliyoyin mutane ne ke zuwa ganin waɗannan garuruwa a kowace shekara. Sai dai ganin da ba shi da sani a bayansa yakan ruɗi mai shi. Da yawa daga cikin maziyarta sukan ɗauka cewa narkakken dutse ne ya malale garuruwan, ko kuwa siffofin mutanen da ake nunawa gawarwaki ne da suka zama dutse, ko kuma yadda suka ga garin haka yake ranar da aka binne shi. Duka ukun ba haka suke ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta ba mai karatu abin da zai karanta kufan da shi, ko ya je da ƙafarsa ko ya gan su a hoto.

2.0 Garuruwan kafin shekarar 79

Garuruwan biyu suna gaɓar mashigin tekun Nafoli ne, a lardin Kamfaniya. Fomfei tana kudu maso gabashin dutsen da nisan kimanin kilomita 10, Harkulaniyam kuma tana yammacinsa da nisan kimanin kilomita 7. Fomfei ta girmi zuwan Rumawa da ƙarnoni. Mazaunanta na farko da harshen Oskan suke magana, kuma sai a shekarar 80 kafin Miladiyya ta zama matsugunin tsofaffin sojojin Rum, bayan da janar Sulla ya yi mata ƙawanya. Faɗin abin da ganuwarta ta kewaye ya kai kimanin hekta 66, kuma ƙiyasin da aka fi yarda da shi na mazaunanta ya kama daga 11,000 zuwa sama. Harkulaniyam ƙarama ce, mutanenta ba su wuce 4,000 zuwa 5,000 ba.

Arzikin yankin daga dutsen ya fito. Tokar da ya fitar a zamunan da suka shuɗe ita ta mayar da ƙasar mai albarka, inabi da zaitun suka lulluɓe gangarensa. Mazauna ba su ɗauke shi abin tsoro ba, duk da cewa masanin labarin ƙasa Strabo ya lura cewa duwatsun ƙololuwarsa sun yi kama da waɗanda wuta ta ci. A shekarar 62 wata babbar girgizar ƙasa ta rusa gine-gine masu yawa a garuruwan biyu. Shekara 17 bayan haka ba a gama gyara ba. Shi ya sa masu tono suka tarar da tulin farar ƙasa da kayan magina a gidaje da dama, da bangayen da aka fara yi wa zane ba a ƙarasa ba. Garin da toka ta rufe gari ne da ke tsakiyar gyaran kansa.

3.0 Yadda aman wutar ya gudana

Shaidar ido ɗaya tak ta iso gare mu a rubuce, wato wasiƙu biyu da Filini Ƙarami ya aika wa masanin tarihi Tasitus shekaru da dama bayan aukuwar abin. Yana ɗan shekara 17 ya kalli bala'in daga Misenum, a ɗaya gefen mashigin, nisan kimanin kilomita 30. Kawunsa Filini Babba, wanda shi ne shugaban rundunar jiragen ruwan Rum da ke wurin, ya tsallaka domin ceton mutane, ya rasu a gaɓar Istabiya. Bayanin da yaron ya bayar ya yi daidai da abin da masana duwatsu suka karanta daga jerin shimfiɗun tokar, har ta kai ga a yau da sunansa ake kiran irin wannan aman wuta.

Abin ya zo ne a matakai biyu. A mataki na farko, da ya fara wajen tsakar rana, dutsen ya harba ginshiƙin hayaƙi da toka da tsakuwa zuwa tsawon kimanin kilomita 30 a sama. Iska tana kaɗawa kudu maso gabas, saboda haka a kan Fomfei ruwan tsakuwar ya sauka. Tsakuwa ce mara nauyi mai ƙananan ramuka, irin dutsen da ake goge kaushi da shi. Ta yi ta zuba har kimanin awa 18, ta taru kusan mita 3, ta toshe ƙofofi, rufin gidaje ya riƙa ruftawa saboda nauyi. A wannan tsakani ne mafi yawan mazauna suka samu damar tserewa. Harkulaniyam kuwa, da yake iska ba ta nufo ta ba, ƙura kaɗan ta samu.

Mataki na biyu shi ne mai kisa. Da ginshiƙin ya yi nauyin da ba zai iya tsayuwa ba, sai ya riƙa ruftowa yana gangara jikin dutsen a matsayin guguwar toka da iskar gas mai tsananin zafi, wadda gudunta ya fi ƙarfin mutum da doki. Cikin dare ta fara isa Harkulaniyam da zafin da aka ƙiyasta ya kai digiri 400 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyas. Da safiyar rana ta biyu wasu guguwoyin suka haura ganuwar Fomfei suka kashe duk wanda ya rage. Da ƙura ta lafa, Fomfei tana ƙarƙashin mita 4 zuwa 6 na tsakuwa da toka, Harkulaniyam kuma tana ƙarƙashin kimanin mita 20 na toka wadda daga baya ta daskare ta zama kamar dutse. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar kusan duk abin da maziyarci zai gani.

Akwai taƙaddama a kan ranar da abin ya faru. Kwafen wasiƙun Filini da aka fi dogara da su sun nuna 24 ga Agusta. Amma an tarar da 'ya'yan itatuwan kaka irin su rumman, da kaskon wuta na jin ɗumi a ɗakuna. A shekarar 2018 kuma aka gano wani rubutu da gawayi a bangon wani gida mai ɗauke da ranar da ta yi daidai da 17 ga Oktoba. Bisa zaton cewa rubutun gawayi ba ya daɗewa a sarari, masana da yawa sun karkata ga watan Oktoba, ko da yake wasu suna nan a kan Agusta.

Waɗanda suka tsira ba su ɓace daga tarihi ba. Sarki Titus ya naɗa manyan jami'ai biyu domin farfaɗo da lardin, ya kuma ba da umarnin a yi amfani da dukiyar waɗanda suka mutu ba magada wajen agaji. Sunayen zuriyoyin Fomfei sun sake bayyana a rubutun duwatsu a garuruwa irin su Nafoli da Kumai da Futiyoli. Wasu mutanen ma sun dawo sun haƙa ramuka cikin tokar suna ciro abin da za su iya, kuma har yanzu ana ganin hujojin da aka fasa a bangayen wasu gidaje.

4.0 Tarihin tono

Fiye da shekara 1,600 garuruwan suka yi a binne. A ƙarshen ƙarni na 16 magini Domenico Fontana ya haƙa hanyar ruwa ta ratsa tsakiyar Fomfei ba tare da an bibiyi abin da ya ci karo da shi ba. A farkon ƙarni na 18 wani mai haƙar rijiya a garin Resina ya faɗa kan gidan wasan kwaikwayon Harkulaniyam. A shekarar 1738 sarkin Nafoli, Charles na gidan Bourbon, ya sa aka fara tono a hukumance, aka kuma soma na Fomfei a 1748. Sai a 1763 aka samu rubutun dutse da ya tabbatar da sunan garin.

Tonon farko farautar kayan ado ne domin fadar sarki. Ana kurɗawa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa, a yanko zanen bango, a ɗauko gumaka, a mayar da ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa maziyarci zai ga gurabe masu kusurwa huɗu a tsakiyar wasu bangaye, kuma shi ya sa mafi kyawun kayan garuruwan suke gidan adana kayan tarihi na Nafoli a yau.

Sauyi ya zo ne da Giuseppe Fiorelli a shekarun 1860. Shi ya tsara tono daga sama zuwa ƙasa tare da rubuta abin da aka samu da inda aka same shi. Ya kasa garin shiyya-shiyya, kowace shiyya rukuni-rukuni, kowace ƙofa da lambarta, kuma da wannan tsari mai shiyyoyi 9 ake aiki har gobe. Sunayen tituna da na gidaje da ake gani a alluna, mafi yawansu masu tono ne suka raɗa su, ba mazauna ba. Amedeo Maiuri, wanda ya shugabanci aikin daga 1924 zuwa 1961, shi ya buɗe mafi yawan abin da ake gani a sarari a Harkulaniyam, ya kuma sake ɗora rufi da benaye a wurare da dama. Zuwa yau an tono kimanin kashi biyu cikin uku na Fomfei.

5.0 Ziyarar Fomfei

5.1 Titi da sana'a

Daga Nafoli jirgin ƙasa mai zuwa Sorrento yakan sauke maziyarci dab da ƙofar garin ta yamma, wadda ake kira Ƙofar Teku, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Tafiya kaɗan sai ga babban dandalin gari, wanda ɗakunan bauta da kasuwa da kotu da ofisoshin hukuma suka kewaye, dutsen kuma yana tsaye daga arewa. An kafa duwatsu a mashigan dandalin domin hana amalanke shiga.

Titunan an shimfiɗe su da manyan baƙaƙen duwatsu, kuma ƙafafun amalanke sun ci su har sun bar kwari. Hanyar masu tafiya a ƙasa tana da tudu a gefe biyu, a mararraba kuma an jera duwatsun tsallakawa, domin titin shi ne magudanar ruwan sama da shara. Ratar da ke tsakanin duwatsun ta isa ƙafar amalanke ta wuce. Ruwan sha yana zuwa ne daga wata doguwar hanyar ruwa da aka gina a zamanin Sarki Augustus, ya shiga ɗakin rabo a wuri mafi tudu na garin, daga nan bututun darma su kai shi wuraren ɗiban ruwa kimanin 40, da gidajen wanka, da gidajen masu hali.

A babban titin da ya ratsa garin daga dandali zuwa gabas ne ake ganin rayuwar talaka. An ƙirga shagunan sayar da abinci kimanin 80, kowanne da kanta ta dutse wadda aka dasa manyan randuna a cikinta. A wanda aka ƙarasa tonowa a 2020 an samu ragowar agwagwa da akuya da alade da kifi da dodon koɗi a cikin tukwane. Yawan waɗannan shaguna yana nuna cewa masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ke kwana a ɗakunan saman shago, ba su da madafa, a titi suke cin abinci. Gidajen burodi sun haura 30, da duwatsun niƙa waɗanda jakuna ko bayi ke juyawa. A tandar ɗaya daga cikinsu an samu gurasa 81 da suka zama gawayi. A gidan wanki na Stephanus ana ganin kwamin da ma'aikata ke tattake tufafi a cikin ruwa da fitsari, wanda shi ne sabulunsu. A ƙarshen gabas akwai zagayayyen filin wasa na dutse da aka gina wajen shekarar 70 kafin Miladiyya, mai ɗaukar mutum kusan 20,000. A nan ne rikici ya ɓarke tsakanin mutanen Fomfei da na Nuseriya a shekarar 59, har majalisar Rum ta haramta wasan takubba a garin na shekara 10.

5.2 Gidaje da mazaunansu

Gidan mai hali yana da tsari sananne. Daga ƙofa sai siririn lungu, sai babban zaure mai buɗaɗɗen rufi a tsakiya da kwamin tara ruwan sama a ƙasa, inda maigida ke karɓar gaisuwar mabiyansa da safe. A baya kuma akwai lambu da ginshiƙai suka kewaye. Gidan da ya fi kowanne girma, wanda ake kira Gidan Faun, ya kai kimanin murabba'in mita 3,000, kuma a cikinsa aka samu shahararren hoton yaƙin Iskandari da Dariyus wanda aka tsara da ƙananan duwatsu masu launi a 1831. Wanda ke wurin yanzu kwafi ne. Gidan Vettii, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan doguwar gyara, ana ganin na wasu 'yantattun bayi biyu ne da suka yi arziki.

Kyan waɗannan gidaje kada ya rufe wa maziyarci ido daga waɗanda suka ɗauki nauyinsu. A 2021 an tono wani ɗakin bayi a wani gidan gona da ke wajen gari, mai gadaje uku na katako da igiya, ɗaya daga cikinsu na yaro. A 2023 kuma aka gano wani gidan burodi da ba shi da ƙofar fita waje kai tsaye, tagoginsa da sandunan ƙarfe, inda bayi da jakuna suke kulle tare suna niƙa.

Garin yana da alaƙa da nesa. Akwai ɗakin bautar Isis, abar bautar Misirawa, kuma a 1938 an samu wani ɗan gunki na hauren giwa da aka sassaƙa a Indiya.

5.3 Bango mai magana

Babu wani gari na zamanin da da ya bar mana rubutun talakawa kamar Fomfei. An tattara dubban rubuce-rubuce daga bangayenta. Wasu tallar zaɓe ce da ƙwararrun marubuta suka rubuta da jan launi, domin a kowace shekara ana zaɓen manyan jami'an gari. Ƙungiyoyin masu sana'a, kamar masu burodi da masu alfadarai da maƙeran zinariya, sukan bayyana wanda suke goyon baya. Mata ba su da ƙuri'a, amma sunayensu sun fito a cikin masu neman a zaɓi wane. Wasu rubuce-rubucen kuma an karce su ne da tsinke: lissafin bashi, gaisuwa, zagi, soyayya, da baƙaƙen yara masu koyon rubutu. Ga mai nazarin harshe wannan taska ce, domin kurakuran rubutun suna nuna yadda ake furta Latin a bakin mutane, saɓanin yadda yake a littattafan manyan marubuta. Haka nan allunan kakin zuma 153 da aka samu a 1875 a gidan dillali Caecilius Iucundus sun adana rasit na cinikayya da sunayen shaidu.

5.4 Siffofin mamata

An gano ragowar mutane sama da 1,100 a Fomfei. Waɗanda guguwar toka ta kashe, lallausar toka ta lulluɓe su ta daskare kafin jikinsu ya ruɓe, sai ya zama an bar kogo mai siffar mutum da ƙasusuwa a ciki. A 1863 Fiorelli ya fara ɗura ruwan filasta a irin waɗannan koguna, idan ya bushe a share tokar. Abin da maziyarci ke gani ke nan: filasta mai siffar mamaci, har da naɗin tufafi da igiyar takalmi, ƙasusuwan kuma suna ciki. An yi sama da 100, kuma 13 daga cikinsu suna kwance a lambun da suka faɗi, manya da yara.

Siffofin suna jan mutum ya ƙirƙira musu labari, kuma nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. A wani gida an samu babban mutum sanye da munduwar zinariya, da yaro a cinyarsa, aka daɗe ana cewa uwa ce da ɗanta. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa namiji ne, kuma ba shi da dangantakar jini da yaron. Ya kamata kuma mai kallo ya tuna cewa a gaban mamata yake tsaye, ya kiyaye ladabin da ya dace da haka.

6.0 Ziyarar Harkulaniyam

Mai zuwa Harkulaniyam daga sama yake fara hango ta, a cikin wani ƙaton rami, gidajen garin Erkolano na yanzu suna leƙo ta daga baki. Tsayin bangon ramin shi ne kaurin abin da dutsen ya zubo. Ƙaramin ɓangare kawai aka tono, sauran yana ƙarƙashin gidajen mutane.

Zafin guguwar da rashin iska a ƙarƙashin toka mai kauri sun mayar da katako gawayi maimakon su ƙone shi ƙurmus. Shi ya sa a nan ake ganin abin da ya yi ƙaranci a Fomfei: azara, matakala, ƙofofi, gadaje, kantocin shago, har da gadon jariri. Benaye ma sun tsira a wurare da yawa. Daga wani lambatu da ke ƙarƙashin rukunin shaguna an kwashe ɗaruruwan buhunan ƙazanta da aka tace, aka gano cewa talakawan da ke sama suna cin kifi iri-iri da ɓaure da zaitun da ƙwai, har da masoron Indiya.

An daɗe ana zaton mutanen garin duk sun tsere, saboda ƙarancin gawarwakin da aka samu. Daga shekarun 1980 aka fara tono tsohuwar gaɓar teku, sai aka tarar da ƙwarangwal kimanin 300 a cikin ɗakunan ajiyar jiragen kamun kifi da kuma bakin ruwa. Jiran ceto suke yi ta teku, wasu da kuɗi da maɓallan gida a jikinsu. A nan toka ba ta bar kogo ba, don haka babu siffofin filasta.

A gefen garin akwai wani katafaren gida da aka gano a 1750, inda aka ciro naɗaɗɗun takardun fafirus kimanin 1,800, ɗakin karatu ɗaya tilo da ya iso gare mu daga duniyar Rumawa da littattafansa a ciki. Yawancin waɗanda aka karanta rubutun falsafa ne da Girkanci, musamman na Philodemus. Da yake sun zama gawayi, warware su yakan farfasa su. A 2023 aka buɗe wata gasa bisa aikin Brent Seales na Jami'ar Kentucky, inda ake ɗaukar hoton cikin naɗin da na'ura, kwamfuta ta warware shi, ƙirƙirarriyar basira kuma ta gano tawada. A watan Oktoba na shekarar aka karanta kalmar farko, mai ma'anar launin shunayya, a farkon 2024 kuma aka karanta sakin layi masu yawa ba tare da an buɗe takardar ba.

7.0 Lalacewa bayan tono

Toka ta kare garuruwan daga rana da ruwa da ciyayi na tsawon ƙarnoni, tono kuma ya miƙa su ga waɗannan abubuwa. Zanen da ya fito da launi mai ƙyalli yakan koɗe cikin 'yan shekaru idan babu rufi. A 1943 jiragen yaƙin ƙawance sun jefa bamabamai sama da 150 a Fomfei, girgizar ƙasa ta 1980 kuma ta ƙara raunana gine-gine. Hukumar UNESCO ta sanya wuraren cikin jerin kayan gadon duniya a 1997, amma hakan bai hana wani sanannen gini da ke kan babban titi ruftawa ba ranar 6 ga Nuwamba, 2010, bayan ruwan sama mai yawa. Wannan abin kunya ne ya haifar da babban shirin gyara na Yuro miliyan 105 da Tarayyar Turai da gwamnatin Italiya suka ɗauki nauyi. Mafi muhimmancin aikin ba ya ɗaukar ido: gyara magudanan ruwa, tallafe bangaye, da daidaita gangaren ƙasar da ba a tono ba. A Harkulaniyam ma, shirin adanawa da aka fara a 2001 da tallafin Cibiyar Packard ya sake buɗe lambatun Rumawa domin su ci gaba da aikinsu na kwashe ruwa.

Maziyarta su kansu nauyi ne. Fomfei tana karɓar kimanin mutum miliyan 4 a shekara, kuma tafin ƙafa yana cin daɓe, hannu yana goge zane, wasu ma sukan ɓanɓare ƙananan duwatsu su tafi da su. Daga watan Nuwamba na 2024 an taƙaita masu shiga zuwa 20,000 a rana. Wannan dalili ne kuma ya sa masana da dama suke ganin a bar kason da ya rage a binne, har sai an iya kula da wanda aka riga aka buɗe, kuma domin na baya su zo da hanyoyin bincike da suka fi na yanzu. Takardun da aka farfasa a ƙarni na 18 da waɗanda ake karantawa yanzu ba tare da an taɓa su ba sun isa hujja a kan haka.

Dutsen kuma bai mutu ba. Aman da ya yi a 1631 ya kashe aƙalla mutum 3,000, na ƙarshe kuma ya auku ne a watan Maris na 1944. Cibiyar sa ido da aka kafa a gangarensa a 1841, wadda ita ce irinta ta farko a duniya, tana auna motsinsa dare da rana. Kimanin mutum 700,000 ne ke zaune a ƙananan hukumomi 25 da aka ayyana a matsayin yankin haɗari mafi girma, kuma shirin hukuma shi ne a kwashe su cikin awa 72 idan alamu suka bayyana.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin Fomfei da Harkulaniyam daga rayuwarsu zuwa binnewarsu, da tono su, da halin da suke ciki a yau. An ga cewa alƙiblar iska da kaurin toka su suka sa gari ɗaya ya ba mu siffofin mamata da rubutun bango, ɗayan kuma ya ba mu katako da takardu. An ga kuma cewa hannun masu tono yana cikin duk abin da ake kallo, tun daga sunan titi har zuwa rufin gida, kuma labaran da aka daɗe ana bayarwa suna iya rushewa idan sabuwar hujja ta zo. Wanda zai kai ziyara zai fi amfana idan ya haɗa wurare uku, wato garuruwan biyu da gidan adana kayan tarihi na Nafoli, domin kowanne yana cike giɓin da ɗayan ya bari. Ga masu nazarin tarihi da al'adu kuma, darasin da ya fi fitowa fili shi ne cewa tono abin tarihi ɗaukar amana ne, kuma bai kamata a buɗe abin da ba a shirya kula da shi ba.